Ƙwarin ƙura a katifa: Wace na'ura ce ke taimakon mai asma, wacce ce asarar kuɗi?

Irin wannan bidiyon talla ya cika TikTok da Facebook: ana goga wata 'yar na'ura mai shuɗin haske a kan katifa, bayan minti biyu a buɗe cikinta a zazzage wani farin gari mai kama da garin rogo. Mai tallan sai ya ce wannan garin shi ne ke hana mutane barci, kuma na'urarsa ta gama da shi har abada.

Ga matashin da ke tashi kowace safiya da atishawa goma a jere, hanci a toshe, idanu sun yi ja, ko uwar da ke kwana a zaune saboda tarin ɗanta mai asma, wannan talla tana da jan hankali. Akwai gaskiya a cikinta, domin katifa da filo su ne babban mazaunin wasu ƙananan halittu da ke tayar da asma da murar aleji. Sai dai na'urorin da ake tallatawa ba ɗaya suke ba. Wasu suna aiki, wasu amfaninsu kaɗan ne, wasu kuma suna iya ƙara wa mai asma ciwo. Kafin a tura kuɗi, yana da kyau a san abokin gabar da kuma abin da ke kashe shi.

Wane ne ƙwaron ƙura?

Tsawonsa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na milimita ba, jikinsa kuma fari ne garai-garai, don haka ido ba ya ganin sa. Ƙafafunsa takwas ne, ɗan uwan gizo-gizo da kaska ne. Ba ya cizo, ba ya shan jini, ba ya zama a jikin mutum. Wanda ya tashi da ƙuraje a jere a hannu ko a wuya, ko ya ga ɗigon jini a zanin gado, kuɗin cizo ne ya ziyarce shi, kuma wannan wata matsala ce daban.

Abincin ƙwaron ƙura shi ne ɓurɓushin matacciyar fata da ke zubowa daga jikin kowane mutum dare da rana. Shi ya sa ya fi yawa a inda jiki ke daɗewa: katifa, filo, bargo, kujerun kushin, kafet, da 'yan tsana masu gashi da yara ke runguma su yi barci. Yana rayuwa wata biyu zuwa uku, kuma mace ɗaya kan saka ƙwai da dama kafin ta mutu. Nau'o'in da aka fi sani su ne Dermatophagoides pteronyssinus da Dermatophagoides farinae, sai Blomia tropicalis da ya fi yawa a ƙasashe masu zafi da laima.

An daɗe da sanin cewa ƙurar gida tana tayar wa wasu mutane asma, amma sai a 1964 wani likita mai suna Reindert Voorhorst da abokan aikinsa a birnin Leiden na ƙasar Holan suka nuna cewa wannan ƙwaro ne ummul-haba'isin matsalar. A 1981 kuma masu bincike a Ingila suka gano cewa kashin ƙwaron ne ke ɗauke da mafi yawan abin da jiki ke yi wa bore. Ƙwaro ɗaya kan yi kusan ƙwaya 20 na kashi a rana, kuma a cikinsa akwai wani sinadari da ake kira Der p 1, wanda ƙwaron ke narka abinci da shi. Idan mai aleji ya shaƙe shi, garkuwar jikinsa tana ɗaukar sa a matsayin maƙiyi. Hanci ya kumbura ya fara yoyo, ido ya yi ƙaiƙayi, ga mai asma kuma hanyoyin numfashi su tsuke.

Lamarin ba na wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke da asma a 2019, kuma ta yi ajalin mutum 455,000 a wannan shekarar, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A Afirka ta Yamma ma an duba batun: binciken da aka yi a kan yara a Kumasi da ke Ghana ya nuna cewa alejin ƙwarin ƙura yana cikin manyan abubuwan da ke tafiya tare da asma a yaran birni.

Abubuwa biyu game da wannan kashi su ne mabuɗin fahimtar kowace na'ura. Na farko, yana da nauyi idan aka kwatanta da hayaƙi. Yana tashi sama ne kawai idan an kaɗe gado ko an yi shara ko an faɗa kan kushin, kuma cikin kusan rabin awa ya koma ƙasa. Na biyu, ba ya lalacewa don ƙwaron ya mutu. Yana iya yin watanni a cikin katifa yana tayar da ciwo. Ke nan aiki biyu ne a gaban mai gida: kashe ƙwarin, da kuma kwashe abin da suka bari.

Lagonsa yana cikin iska

Ƙwaron ƙura ba ya shan ruwa. Daga iska yake tsotsar laima ta jikinsa. Idan laimar ɗaki ta kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100, ga ɗumi, sai ya hayayyafa. Idan ta daɗe ƙasa da kashi 50, sai ya bushe ya mutu.

Wannan ya sa labarin ya bambanta daga gari zuwa gari. A Legas da Fatakwal da Kumasi da Douala iska tana da laima kusan duk shekara, ƙwarin ba sa hutu. A Kano da Sakkwato da Zinder da Yamai kuwa, laima kan sauka ƙasa da kashi 20 da rana a ƙarshen hunturu, sannan ta haura kashi 70 a tsakiyar damina, wajen watan Agusta. Hunturu yana yi wa mutanen waɗannan garuruwa aikin da mutanen wasu ƙasashe ke sayen inji su yi. Amma ba ya ƙarar da ƙwarin duka. Wasu ƙananansu suna iya jure fari na tsawon watanni, kuma zufar mai barci tana jiƙa cikin katifa ko da iskar ɗaki a bushe take. Da damina ta kankama sai su dawo.

A nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, garin ƙasa ce mai laushi da ke daɗewa tana yawo a iska. Ita ma tana tayar da asma, amma ta wata hanya, kuma maganinta daban ne. Wanda ciwonsa ya fi tashi a Disamba da Janairu idan ya fita waje, wataƙila hazo ne matsalarsa. Wanda nasa ya fi tsananta a damina da kaka, cikin dare ko da asuba, a kan gado, ko kuma ɗalibin da ya bar Katsina ya tafi karatu kudu ya fara atishawar da bai saba ba, shi ne ya kamata ya zargi ƙwarin ƙura.

Na'urar farko ita ce mafi arha

Kafin kowace babbar na'ura, abin da ya kamata a fara saya shi ne ma'aunin laima. Ɗan ƙaramin abu ne mai allo kamar na agogon tebur, yana nuna zafin ɗaki da yawan laima, kuma batir ɗaya irin na agogo kan kai shi watanni. Akwai masu haɗuwa da waya ta Bluetooth, kamar na kamfanin Xiaomi da ke aiki da manhajar Mi Home, waɗanda ke ba mutum damar duba ɗakinsa daga wayarsa.

Waya ita kaɗai ba za ta iya wannan aiki ba. Samsung Galaxy S4 ta 2013 ta zo da ma'aunin laima a jikinta, amma mafi yawan wayoyin yanzu ba su da shi. Manhajojin da ke cewa suna auna laimar ɗaki galibi suna ɗauko bayanin yanayin garin ne daga intanet, wato na waje, ba na kusa da filo ba.

Ma'auni mai arha yana iya yin kuskure, amma akwai hanyar gwada shi a gida. A cika murfin kwalba da gishiri, a ɗiga masa ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a saka shi tare da ma'aunin a cikin roba mai murfi ko leda mai zif, a rufe ruf, a bar su kwana ɗaya. Iskar da ke cikin robar za ta tsaya a kashi 75. Idan ma'aunin ya nuna 70, an san cewa yana rage biyar, sai a riƙa ƙarawa.

Bayan haka a ajiye shi kusa da gado, nesa da taga, a duba shi safe da dare na mako biyu. Idan yana zama ƙasa da 50, ba a buƙatar kashe kuɗi a kan busar da ɗaki. Idan yana zama sama da 60, akwai aiki.

AC, na'urar tsotse laima, da kular ruwa

AC tana rage laima, shi ya sa ruwa ke ɗiga daga bututunta a waje. Yawancin rimot suna da wani zaɓi mai alamar ɗigon ruwa, wanda ke sa ta fi mayar da hankali ga busar da iska, kuma shi ya fi dacewa da damina. Sai a riƙa cire ragar da ke gabanta ana wankewa duk bayan mako biyu zuwa huɗu.

Na'urar tsotse laima kuwa aikinta ke nan kawai: tana jan iska, ta tatse ruwan ta tara a tanki. Ana auna ƙarfinta da yawan litar da take iya tarawa a rana, kuma ta gida kan ci wat ɗari biyu zuwa ɗari biyar. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2001 ya nuna cewa gidajen da suka riƙe laima ƙasa da kashi 51 na tsawon wata 17 sun ga ƙwarinsu sun ragu ƙwarai. Sharaɗin yana cikin kalmar "riƙe". Ƙwaron yana iya farfaɗowa idan ya samu 'yan sa'o'i na iska mai laima a kowace rana. A gidan da wutar lantarki ke zuwa awa huɗu ta ɗauke, ko ɗakin da tagoginsa ke buɗe saboda zafi, na'urar ba za ta cim ma komai ba sai cin wuta. Mai sola da inbata ya lissafa ko batirinsa zai ɗauke ta dare da rana kafin ya saya.

Akwai kuma na'urorin da ke yin akasin haka. Kular ruwa, wadda ake zuba wa ruwa ko ƙanƙara ta huro sanyi, tana sanyaya ɗaki ne ta hanyar cika shi da laima. A tsananin zafin Maris da Afrilu a arewa, lokacin da iska ta bushe ƙamas, ba lallai ta kai laimar ga matakin haɗari ba. Da zarar ruwan sama ya sauka, kunna ta a rufaffen ɗaki gata ne ga ƙwarin. Haka ma ƙananan na'urorin nan masu fitar da hazon ruwa da ƙamshi da ake ajiyewa a gefen gado. Ma'aunin laima ne zai raba gardama: idan ya haura 55, a kashe. Shanya jiƙaƙƙun kaya a cikin ɗakin kwana a damina shi ma yana ƙara laima fiye da yadda ake zato.

Zafi yana kashe su, ruwa yana kwashe kashinsu

Ruwan da ya kai digiri 55 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas yana kashe ƙwarin. Shawarar da likitoci suka fi bayarwa ita ce a wanke zanin gado da rigar filo duk mako a irin wannan ruwa. Injin wanki mai ƙofa a gaba yawanci yana da zaɓin 60 a jikinsa, sai dai dumama ruwan kan ci wat kusan 2,000, abin da ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Injin mai tukunya biyu da ya fi yawa a gidaje kuwa ba ya dumama ruwa.

Wannan ba cikas ba ne. Idan aka haɗa tafasasshen ruwa da na famfo rabi da rabi a baho, ana samun zafin da ya ɗan haura digiri 60. A ɗan rinjayar da tafasasshen, a nutsa zanin a ciki, a rufe bahon na minti 15, sannan a yi wanki kamar kullum. A kiyaye yara daga wurin. Ko wankin ruwan sanyi ma ba banza ba ne, domin yana wanke mafi yawan kashin, ko da wasu ƙwarin sun tsira.

Rana kuma kyauta ce. A 1994 masu bincike a Sydney ta Ostireliya suka shimfiɗa kafet a rana, suka tarar cewa cikin 'yan sa'o'i zafi da bushewa sun kashe ƙwarin da ke ciki. Al'adar fitar da katifa da filo da darduma tsakar gida a shanya tana da tushe. A bar su awa uku zuwa shida a tsakiyar rana, a juya ɗaya gefen. Katifa mai kauri ba ta yin zafi har can ciki, don haka a maimaita lokaci zuwa lokaci. Rana ba ta cire kashin, sai an bubbuge ko an zuƙe da inji, kuma wanda ba shi da aleji ne ya kamata ya yi bugun, a waje.

'Yar tsanar da ba ta jure ruwan zafi, a saka ta a leda a ajiye a firiza na awa 24, sannan a wanke. Firizar ta kasance ta daskare da gaske duk tsawon lokacin. Injin tururi ma yana kashe ƙwari a kafet da kushin, amma dole a bar wurin ya bushe sarai, in ba haka ba an bar musu laimar da suke nema.

Rigar katifa

Wannan ba ta da batir ko allo, amma fasaha ce. Yadi ne da aka saƙa shi matse ta yadda ramukansa ba su kai maikiron 10 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ana sa wa katifa da filo, a ja zif, ƙwarin da kashinsu su maƙale a ciki. Abin dubawa wajen saye shi ne girman ramin da aka rubuta, da kuma cewa ta rufe katifar ta kowane gefe. Mai roba a kusurwa da ke rufe sama kawai ba ta yin wannan aiki.

Masu barin ledar da sabuwar katifa ta zo da ita suna samun irin wannan kariya muddin ledar ba ta yage ba, kamar yadda katifa mai rufin leda irin ta asibiti ke yi. Illarta zafi da zufa. Kuma kada a kwantar da jariri a kan siririyar leda, domin tana iya toshe masa numfashi.

Injin zuƙar ƙura da shuɗin hasken nan

Farin garin da ake nunawa a bidiyo gaskiya ne: ɓurɓushin fata ne da zaren yadi da kashin ƙwari. Cire shi yana da amfani. Abin da tallan ba ta faɗa ba shi ne ƙwari masu rai suna manne wa zare da ƙafafunsu, injin ba ya iya fizgo yawancinsu, kuma da yawa suna can cikin soso inda ƙarfinsa bai kai ba.

Shuɗin hasken kuma ana cewa UV-C ne. Wannan haske yana iya kashe ƙananan halittu idan ya same su kai-tsaye na ɗan lokaci, amma ba ya ratsa yadi, kuma daƙiƙa biyun da yake yi a kan kowane wuri yayin gogawa ba su isa ba. UV-C na gaske yana ƙona ido da fata, don haka kada a leƙa shi. Abin da ke aiki a waɗannan na'urori shi ne ƙarfin zuƙa da burushin da ke bubbuga katifa.

Abin da ya fi haske muhimmanci shi ne matacin da ke cikin injin. Inji maras mataci mai kyau yana zuƙar ƙura ta gaba ya feso mai laushinta ta baya. Matacin HEPA na gaske, a ƙa'idar Amurka, yana kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikiron 0.3. A ƙa'idar Turai ana rubuta H13 ko H14. Idan kwali ya ce matacin "irin na HEPA" ne ba tare da lamba ba, a yi hattara. A kuma tambaya ko ana samun matacin canji a kasuwa, domin inji mai toshasshen mataci ya zama kayan ado.

Injin shara mai yawo da kansa yana da amfani a ɗaki mai tayil, amma ba ya hawa gado, inda matsalar take. A kan tayil ko siminti ko ledar ɗaki, mofa da jiƙaƙƙen tsumma sun fi tsintsiya nesa ba kusa ba, saboda tsintsiya tayar da ƙurar take yi. Idan dole mai aleji ne zai yi sharar, ya sa takunkumin N95, ya buɗe taga, ya fita daga ɗakin na rabin awa bayan ya gama. Cire kafet mai gashi daga ɗakin kwana gaba ɗaya ya fi duk wani inji da za a saya don tsabtace shi.

Na'urar tace iska

Ita ce aka fi tallatawa ga masu asma, kuma a kan ƙwarin ƙura ƙarfinta kaɗan ne. Tana kama abin da ke yawo a iska ne kawai, shi kuwa kashin ƙwaro yana kwance a filo, tazarar ɗan yatsa daga hancin mai barci. Inda take haskakawa shi ne ƙurar hunturu, hayaƙin janareta da na girki, da sauran abubuwa masu laushi da ke daɗewa a sama. Ga mai asma a Kano ko Maraɗi a watan Janairu, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Mai saye ya duba lambar CADR, wadda ke nuna yawan iskar da na'urar ke tacewa. Ƙa'idar da ƙungiyar masu ƙera kayan gida ta Amurka ta bayar ita ce lambar ta kai aƙalla kashi biyu cikin uku na faɗin ɗakin a ma'aunin ƙafa. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 faɗinsa 144 ne, don haka yana buƙatar CADR 96 zuwa sama. Idan an rubuta lambar da kubik mita a awa, wannan ya yi daidai da kusan 160. Sai an rufe ƙofa da taga take aiki yadda ya kamata.

Waɗanda ya kamata a guje musu

Na'urorin da ke fitar da iskar ozon da sunan kashe ƙwayoyin cuta haɗari ne ga mai asma. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ozon yana fusata huhu kuma yana tsananta asma. Wasu na'urorin da ke cewa suna tsabtace iska da caji, masu alamar "ion", su ma suna fitar da shi. Idan na'urar tace iska tana da maɓallin wannan aiki, a bar shi a kashe.

Sai ƙananan na'urorin da ake maƙalawa a soket, waɗanda ake cewa suna korar ƙwari da sautin da kunne ba ya ji. Tun a 2001 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni fiye da 60 masu sayar da irinsu cewa dole su kawo hujjar kimiyya kan iƙirarinsu. Ƙwaron da ke cikin soson katifa ba shi da inda zai gudu ya tafi.

Fesa maganin sauro a kan katifa ba ya kaiwa inda ƙwarin suke, kuma warinsa kaɗai ya isa ya tayar da asma. Haka hayaƙin maganin sauro na kunnawa da turaren wuta a rufaffen ɗaki.

Abin da bincike ya nuna

A nan ake buƙatar gaskiya. A 2003 an wallafa wani gwaji da aka yi a Birtaniya a kan manya 1,122 masu asma, inda aka ba wasu rigar katifa ta gaske, wasu kuma ta bogi. Ba a ga bambanci a numfashinsu ba. Nazarin ƙungiyar Cochrane da ya tattara gwaje-gwaje sama da 50 shi ma bai ga fa'ida a fili ba daga matakan yaƙi da ƙwarin ƙura.

Amma akwai ɗaya ɓangaren. A 2017 masu bincike a Manchester suka gwada rigar katifa a kan yara 284 waɗanda aka tabbatar suna da alejin ƙwarin, kuma asma ta taɓa kai su asibiti. Cikin shekara guda, kusan kashi 29 na masu rigar gaske ne suka koma asibiti da tashin ciwon, a kan kusan kashi 42 na masu ta bogi. A 2004 kuma wani gwaji a kan yara 937 a biranen Amurka ya haɗa matakai da yawa lokaci guda, wato rigar katifa, injin zuƙa mai HEPA, yaƙi da kyankyasai da koyar da iyaye, kuma yaran sun samu raguwar kwanakin da suke fama da ciwo.

Darasin shi ne mataki ɗaya tilo ba kasafai yake isa ba, kuma amfanin ya fi bayyana ga wanda aka tabbatar ƙwarin ne ke damun sa. Tabbatarwar aikin asibiti ne: gwajin fata, inda ake ɗiga sinadarin a hannu a ɗan tsaga a jira minti 15, ko gwajin jini. Akwai kuma magani mai horar da garkuwar jiki ta daina bore, ta allura ko ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2017. Likita ne ke yanke hukuncin wanda ya dace da shi.

A nan waya take da rawar takawa. A buɗe shafi a manhajar rubutu, kowace safiya a rubuta lambar laima, ko an farka cikin dare, da sau nawa aka shaƙi inhela. A saita ƙararrawar wankin zanin gado ta mako-mako da ta shan magani. Bayan wata biyu, wannan bayani zai fi wa likita amfani fiye da "jikin dai da sauƙi".

Babu na'urar da ke maye gurbin inhelar da likita ya rubuta, musamman ta rigakafi da ake shaƙa kullum ko da an ji sauƙi. Idan mai asma ya kasa ƙarasa jimla saboda numfashi, ko leɓensa ya canza launi, ko inhelar gaggawa ta daina yi masa aiki, asibiti za a nufa nan take.

Ga mai kuɗi ƙalilan, tsarin kashe su a bayyane yake. A fara da abin da ba ya cin ko sisi: rana, ruwan zafi, jiƙaƙƙen tsumma, da rage tarkace a ɗakin kwana. Sai ma'aunin laima, sai rigar filo da ta katifa. Injin zuƙa mai HEPA ya biyo baya idan akwai kafet ko kushin. Na'urar tsotse laima ta mai tsayayyiyar wuta ce wanda ma'auninsa ya nuna yana buƙatar ta, ita kuma na'urar tace iska a saye ta saboda hunturu da hayaƙi.